Awa Nawa Ne Daga Pari Zuwa Tokiyo Cikin Jirgin Sama?

Tsakanin filin jirgin sama na Charles de Gaulle, wanda ke arewa maso gabas da birnin Pari, da filin Haneda da ke bakin teku a Tokiyo, babban birnin ƙasar Japan, akwai nisan kimanin kilomita 9,700. Domin mai karatu ya kwatanta, hanyar mota daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ce. Ke nan sai mutum ya bi ta sau goma sha ɗaya kafin ya cinye wannan nisa. Babban jirgin fasinja kuwa, in ya lula sama ya daidaita, kilomita 900 ɗin nan yake ci cikin awa guda. Watau abin da direba ke wuni yana fama da shi, jirgi na gamawa da shi tun ba a sauke shayi na uku ba.

Bisa wannan lissafi, ɗan makaranta zai ce awa 11 ta isa. In aka ƙara lokacin hawa da na sauka da na gangarawa bisa fili, a ce awa 12. Haka kuwa abin yake har farkon shekarar 2022: zuwa awa 12 ba kaɗan, dawowa awa 12 da rabi. Amma daga watan Maris na wannan shekara jadawalin kamfanonin Turai da na Japan ya sake. Zuwa ya koma awa 13 da rabi ko 14, dawowa awa 14 da rabi, wani lokaci har kusan 15. Biranen biyu suna nan inda suke, jiragen ma ba su rage gudu ba. Domin a gane inda awa biyun nan suka fito, dole a duba siffar duniya, a duba iskar da ke can sama, sa'an nan a duba ikon da kowace ƙasa ke da shi bisa samaniyarta.

Taswira da ƙwarya

Abu na farko da ke ruɗin mutum shi ne taswirar da ake ratayawa jikin bangon aji. Bisa shimfiɗaɗɗiyar takarda, Tokiyo na gabas da Pari, har ta ɗan yi kudu, tun da Pari na digiri 49 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Tokiyo kuwa wajen 35 da rabi. Sai ido ya ja layi miƙaƙƙe ta tsakiyar Turai da tsakiyar Asiya, ya ce ga hanya nan. Alhali kuwa duniya dunƙulalliya ce. Wanda ke son ya gani da idonsa ya kife ƙwarya, ya ɗauki gindinta a matsayin ƙuryar arewa ta duniya, bakinta kuma a matsayin layin tsakiya. Ya ɗiga alama biyu a gefuna biyu masu kusan ba juna baya, ya ja zare tsakaninsu tamau. Zai ga zaren ya ƙi bin gefe, ya haura wajen gindin ƙwaryar kafin ya gangara ɗaya ɓangaren.

Haka gajeriyar hanyar take. Jirgin da ya tashi daga Pari yana fuskantar arewa maso gabas, ya bi ta Danmak da Suwidin da Finlan, ya shiga arewacin Rasha har ya haura digiri 68, inda rana ba ta faɗuwa a watan Yuni, sa'an nan ya gangaro ta Siberiya, ya ƙetare Tekun Japan. Fiye da rabin tafiyar bisa ƙasar Rasha ake yin ta. A riƙe wannan, don a kansa sauran labarin ya rataya.

Mutumin Nijar da ya taɓa zuwa Faransa bai gamu da wannan ruɗani ba, domin Yamai da Pari kusan bisa layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, dukansu wajen digiri 2 gabas. Nisan kilomita 3,900 da ɗoriya ne, awa biyar da rabi, kuma abin da taswira ta nuna shi ne abin da jirgi ke bi. Sai tafiya ta zama ta gabas da yamma, kuma mai nisa, taswirar bango ke yaudara.

Zamanin zango-zango

Waɗanda suka fara haɗa biranen biyu ta sama ba su ko yi mafarkin bin gajeriyar hanya ba, don jiragensu ba su iya ɗaukar man da zai kai su. Wani hafsan sojan Faransa, Pelletier d'Oisy, ya tashi daga kusa da Pari ran 24 ga Afrilu 1924, shi da makanikinsa. Suka bi ta kudu, zango bayan zango, kamar ayarin fatake. A Shangai jirginsu ya lalace wajen sauka, sai da aka ara musu wani, suka isa Tokiyo ran 9 ga Yuni: kwana 47 ke nan. A watan Nuwamba 1936 wani Bafaranshe, André Japy, ya yi niyyar yin tafiyar cikin ƙasa da awa 100, shi kaɗai. Ya kusa cin nasara, har ya shiga Japan, sai mugun yanayi ya haɗa shi da wani dutse a tsibirin Kyushu. Mutanen ƙauye suka sauko da shi da rai, amma da munanan raunuka. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilu 1937, Japanawa biyu, Masaaki Iinuma da Kenji Tsukagoshi, suka yi tafiyar ta ɗaya gefen cikin wani ƙaramin jirgi mai suna Kamikaze, tun sunan bai zama abin tsoro ba a yaƙin duniya na biyu. Sun biyo ta Hanoi, Kalkata, Karaci, Bagadaza, Atina, Roma da Pari, suka sauka Landan bayan awa 94.

Ko da kamfanin Air France ya buɗe hanyar fasinja zuwa Tokiyo a watan Nuwamba 1952, sawun nan na kudu ya bi, ta Bairut da Karaci da Saigon, tafiyar fiye da kwana biyu. A lokacin kuwa matsalar ba ta mai ba ce kaɗai. Yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Shikago ran 7 ga Disamba 1944, wadda ita ce tushen dokar sufurin sama har yanzu, ta tabbatar tun a ayarta ta farko cewa kowace ƙasa ke da cikakken iko bisa samaniyar da ke kanta. Teku na kowa ne in an yi nisa da gaɓa, amma samaniyar ƙasa tana da mai ita. Tarayyar Sobiyet ba ta halarci taron ba, kuma ta rufe Siberiya ruf ga jiragen waje. Ƙasar Sin ma, bayan 1949, haka ta yi wa jiragen Yammaci. Sai ya zama tsakanin Turai da Japan akwai katanga biyu, ba ta inda za a ratsa.

Mutanen arewacin Turai ne suka fara samo dabara. Ran 24 ga Fabrairu 1957 kamfanin SAS ya buɗe hanya daga Kofanhagan zuwa Tokiyo ta kan ƙanƙarar ƙuryar arewa, a sauka shan mai a Ankorej, cikin jihar Alaska ta Amurka. Air France ya bi sawu a 1958, tafiya ta koma kamar awa 30. Kamfanin Japan, JAL, ya shigo da nasa jiragen a 1961. Daga Pari zuwa Ankorej kilomita 7,500 ne, daga can zuwa Tokiyo 5,500: jimla 13,000, watau zagaye ne na fiye da kilomita 3,000 bisa gajeriyar hanya, amma duk da haka ya fi ta kudu sauƙi nesa ba kusa ba. Da jirage masu injin jet suka kama aiki sai lokacin ya sauko ƙasa da awa 20. Ankorej, gari mai sanyi a ƙarshen duniya, ya zama wa matafiyan sama abin da Agadas ta zama wa ayarin gishiri. Har yau tsofaffin matafiyan Japan na tuna wata rumfa cikin filin inda ake sayar da taliyarsu mai romo da ake kira udon, abinci na farko mai ƙanshin gida ga mai dawowa daga Turai.

Hanyar nan tana da haɗarinta. Kusa da ƙuryar arewa, allurar da ke nuna wa matafiyi arewa takan ruɗe, don abin da ke jan ta yana nan kusa, kusan ƙarƙashin jirgin. Masu duba hanya sai su dogara ga rana da taurari, da wata na'ura mai juyi kamar katantanwar yara, wadda ke riƙe fuska ɗaya muddin tana juyawa. Kuskure kaɗan na iya kai jirgi bayan katanga. Ran 20 ga Afrilu 1978 wani jirgin Koriya ta Kudu ya tashi daga Pari za shi Seul ta Ankorej. Ya ɓace hanya can arewa, ya karkata ya faɗa samaniyar Sobiyet wajen Murmansk. Jirgin yaƙi ya harbe shi a fiffike, matuƙin ya yi ta maza ya saukar da shi bisa wani tafki da ya daskare. Cikin mutum 109, fasinja biyu suka rasu. Ran 1 ga Satumba 1983 abin ya fi muni: wani jirgin kamfanin nan dai, wanda ya sha mai a Ankorej za shi Seul, ya kauce hanya, aka kakkaɓo shi kusa da tsibirin Sakalin, mutum 269 suka halaka, ba wanda ya tsira. Bayan wannan ne shugaban Amurka Ronald Reagan ya yi alkawarin a bar jiragen farar hula su yi amfani da taurarin ɗan Adam na GPS in an gama kafa su. Wanda ya san labarin jiragen nan biyu ba ya mamakin kamfanin da ya zaɓi zagaye. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ƙofar Siberiya a hankali ta buɗe. A 1967 JAL da Aeroflot suka fara jigilar haɗin gwiwa tsakanin Tokiyo da Mosko, amma cikin jirgin Sobiyet, da matuƙan Sobiyet. A 1970 aka yarda JAL da Air France su ratsa da nasu jiragen, bisa sharaɗin su sauka Mosko. Sai a 1986 aka fara tafiya kai tsaye, ba sauka ko ɗaya. Ba kyauta ba ne: kamar yadda fatake ke biyan kuɗin fito, kamfanonin Turai sun riƙa biyan Aeroflot kuɗin ratsawa, wanda Hukumar Tarayyar Turai ta ƙiyasta ya kai wajen yuro miliyan 300 a shekara cikin shekarun 2000. Sun yi ta ƙorafi, amma sun biya, don awa biyar ko shida da aka rage sun fi kuɗin daraja. A farkon shekarun 1990 jiragen fasinja suka daina biyawa ta Ankorej. Filin ya koma zangon jiragen kaya, inda yake cikin manya na duniya. Shekara talatin da wani abu matafiya suka saba da awa 12, har aka ɗauka halitta ce.

Ran 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta shiga Yukiren da yaƙi. Ran 27 Tarayyar Turai ta hana jiragen Rasha samaniyarta. Kashegari Rasha ta rama, ta rufe tata ga jiragen ƙasashe 36. Kamfanonin Japan, JAL da ANA, su ma suka zaɓi su kauce mata. Cikin mako guda aka koma neman hanya kamar a 1957, sai dai jiragen yanzu na iya yin zagayen ba tare da sun sauka ba.

Kogin iska

Nan ne iska ta shigo cikin lissafi. Can sama, tsakanin mita 9,000 da 12,000, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi cikin kwarinsa. Gudunta kan kai kilomita 200 a awa, da sanyi kuma bisa Japan takan wuce 300. Wani masanin yanayi na Japan, Wasaburo Ooishi, ya auna ta da balan-balan tun cikin shekarun 1920. Amma da ya tashi buga sakamakon a 1926 sai ya rubuta shi da Esperanto, harshen da aka ƙirƙira don ya haɗa duniya, wanda kuwa kusan ba mai karantawa. Sai a 1944 matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da ita bisa Tokiyo, suna mamakin abin da ke tare su.

Jirgi cikin iska kamar kwalekwale ne cikin kogin Kwara: mai gangarawa ruwa na tura shi, mai haurawa yana fama. Jirgin da ke cin kilomita 900, in iskar na bayansa sai ya ci fiye da 1,000 bisa ƙasa. In tana gabansa ya koma 750. Shi ya sa tun can dawowa daga Tokiyo ta fi zuwa tsawo. Wasu na tsammanin juyawar duniya ce ke matso da gari ko ta nisanta shi ƙarƙashin jirgi. Ba haka ba ne, don iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. Juyawar tana da hannu ne ta wata fuska: ita da bambancin zafin tsakiyar duniya da sanyin ƙuryarta su ne ke haifar da kogin iskar.

Saboda haka, tun 2022, sau da yawa jirgi ba ya dawowa ta inda ya tafi. Za shi Tokiyo ya bi ta kudu: tsakiyar Turai, Turkiyya ko Baƙin Teku, sa'an nan wata ƴar siririyar ƙofa bisa Jojiya da Azarbaijan, Rasha na hagu, Iran na dama, ya ƙetare Tekun Kasfiyan, ya ratsa Kazakistan da Sin da Koriya ta Kudu, iska na tura shi. Zagayen ya ƙara kamar kilomita 2,000. In zai dawo, maimakon ya yi karo da iskar nan, sai ya ci gaba da fuskantar gabas: ya haura tekun Pasifik ta arewa, ya wuce bisa Alaska, arewacin Kanada da Girinlan, ya gangaro wa Turai daga arewa. Jirgin da ya bar Pari ya dawo Pari, ya kewaye gindin ƙwaryar ke nan gaba ɗaya. Fasinjan da ya leƙa taga yana iya hango duwatsun Alaska inda kakansa ya sha romon taliya.

Awa biyu ba abin wasa ba ne ga mai jirgi. Babban jirgi irin Boeing 777 na shan tan 7 zuwa 8 na kananzir a kowace awa. Ƙarin awa biyu tan 15 ke nan a zuwa, wasu 15 a dawowa, kullum. Man kansa kaya ne, sai an ƙona wani mai kafin a ɗauke shi, kuma nauyin da ya ci na kayan ƴan kasuwa ne da aka bari a ƙasa. Tafiya in ta yi tsawo doka na neman ƙarin matuƙi, don a riƙa karɓar juna ana hutawa. Jirgin da ya makara dawowa kuma ba ya samun yin wata tafiyar da aka saba ɗora masa. Duk wannan a kuɗin tikiti yake ƙarewa. Kamfanonin Sin kuwa, da ba a rufe wa ƙofa ba, suka ci gaba da ratsa Rasha, suna riga abokan gasarsu isa Turai da kuɗi kaɗan. A watan Oktoba 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Bejin. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Finnair na ƙasar Finlan, wanda ya gina kasuwarsa kacokan bisa cewa Helsinki ce ƙofar Turai mafi kusa da Japan. Tafiyarsa ta awa 9 ta koma 13. Kamfanin, wanda a 1983 shi ya fara zuwa Tokiyo daga yammacin Turai ba sauka ta kan ƙuryar arewa, ya koma tsohuwar hanyarsa a Maris 2022, har ya farfaɗo da al'adar ba fasinja takardar shaidar cewa ya ƙetare ƙuryar duniya.

Afirka ma ta ɗanɗana irin wannan. Da aka rufe samaniyar Nijar ran 6 ga Agusta 2023, alhali ta Sudan na rufe tun watan Afrilu saboda yaƙi, ta Libiya kuma jirage da yawa na gudunta, sai jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka rasa ta inda za su ratsa tsakiya. Wasu suka zagaya ta gaɓar yamma, wasu ta Bahar Maliya, har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗewa.

Ko an sauka ma, da sauran tafiya, don Tokiyo filaye biyu gare ta. Narita, wanda aka buɗe a watan Mayu 1978 bayan shekaru ana dambarwa da manoman da aka karɓe wa gonaki, yana kilomita 60 daga tsakiyar birni, tafiyar awa guda cikin jirgin ƙasa. Haneda na bakin gari, kuma tun 2010 aka sake buɗe shi ga jiragen ƙasashe masu nisa. Mai sayen tikiti ya duba sunan filin kafin ya duba awoyin.

Sai kuma agogo, wanda ke rikita mai duba tikiti fiye da kome, domin lokacin tashi da na sauka kowane da agogon garinsa ake rubuta shi. Tokiyo na gaban Pari da awa 8 lokacin sanyi, da awa 7 lokacin zafi, sa'ad da Faransa ke tura agogonta gaba. Japan ba ta taɓa nata. Yamai kuwa, da ba ta canja agogo ita ma, awa 8 ce tsakaninta da Tokiyo dukan shekara. Jirgin da ya bar Pari ƙarfe 12 na rana a watan Janairu, ya yi awa 14 a sama, zai sauka ƙarfe 2 na dare bisa agogon Pari, amma a Tokiyo ƙarfe 10 na safiyar kashegari ne: tikiti ya nuna awa 22. A dawowa, wanda ya tashi ƙarfe 9 na safe ya yi awa 14 da rabi, zai sauka Pari ƙarfe 3 da rabi na yammacin ranar nan, kamar awa 6 da rabi kawai ya yi. Jikinsa dai ya san gaskiya: la'asar ba ta gama yi ba a Pari, shi kuwa barcin tsakar daren Tokiyo ke fizgarsa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin cinsa da barcinsa su koma daidai da ranar garin da ya sauka.